Hannu Wofi Ba Wofin Mutum Ba Ne

'Ya'yana, akwai tambayar da na daɗe ina yi wa ɗalibai duk ranar da muka iso darasin sifa. Idan tulu ya cika da ruwa har baki, muna ce masa cikakken tulu. Randa kuwa cikakkiya, tuluna cikakku. To idan aka juye ruwan fa, me za a kira tulun? Sai aji ya yi tsit. Can wani ya ce busasshe, in ce masa ai yanzu aka juye, bai bushe ba tukuna. Wata ta ce fasasshe, in ce lafiyarsa ƙalau. Daga ƙarshe sai wani yaro daga bayan aji ya faɗi abin da uwarsa take faɗa kullum a gida: "Malam, ai babu komai a ciki." Wannan ita ce amsar, kuma ita ce Hausar.

Ku lura da abin da ya faru. Cika tana da sifarta mai namiji da mace da jam'i. Kishiyarta kuwa, a maganar yau da kullum, ba mu cika liƙa wa abu ita ba. Mukan bar tulu da sunansa, sa'an nan mu ba da labarin cikinsa. Babu ruwa. Ba kowa a ɗakin. Hatsi ya ƙare a rumbu. Rijiya ta ƙafe. Tulun yana nan a matsayinsa na tulu, rumbun yana nan rumbu, abin da aka rasa kaɗai aka ambata. Ni ban ɗauki wannan a matsayin talaucin harshe ba. Ina ganin ladabi ne da kakanninmu suka gina cikin magana, kuma shi nake so ku gane kafin ku yar da shi ba ku sani ba.

Ba wai ba mu da kalmomin ba ne. Muna da wofi, muna da banza, muna da fanko, ga kuma emti da direbobi suka aro, wadda za ka ji a tasha ana cewa mota ta dawo emti. Sai dai waɗannan kalmomi suna da fuska biyu. Wani lokaci suna ne, wani lokaci sifa, kuma a tsakanin fuskokin nan biyu ake raba bayani da zagi.

Ga yadda ake gane sifa a Hausa, ga wanda ya manta darasin. Sifa tana bin jinsi da adadin abin da take sifantawa: farin doki, farar riga, fararen dawaki. Tana iya zuwa gaba da ɗan mahaɗinta, tana iya komawa baya ba tare da shi ba: doki fari, riga fara. Suna kuwa yana da nasa jinsi, ba ya aron na kowa. Yanzu ku ɗauki kalmar banza ku gwada. Karin magana ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. An kuma ce banza ta kori wofi. Kun ji "ta" ɗin nan? Ta nuna muku banza a nan suna ce, mace ce, tana tsaye da ƙafafunta, har tana iya kora. Haka take a cikin aikin banza da maganar banza da ayyukan banza: ba ta canza ba, mahaɗin yana jikin kalmar da ta gabace ta. Amma ranar da kuka ji an ce banzan yaro, banzar yarinya, banzayen mutane, to banza ta tuɓe rigar suna ta sa ta sifa. Ta zama namiji saboda yaro, ta zama jam'i saboda mutane. Ta daina zama wani abu dabam da ake jingina mutum da shi, ta shige jikinsa kamar yadda fari ya shige jikin doki.

Wofi ma haka take. Idan aka ce Malam Wane ya tafi kasuwar ƙauye da buhun wake, kasuwa ba ta yi ba, ya dawo hannu wofi, ko hannu Rabbana kamar yadda wasu kan ce, an ba da labarin yini guda ne. Gobe ma kasuwa ce. Amma idan aka ce wofin mutum ne, ba a bar masa gobe ba. Kalma ɗaya ce, harafi ɗaya aka ƙara mata aka kuma sauya mata wurin zama, sai labarin rana ɗaya ya koma hukuncin rayuwa.

Kun fi sanin wannan a kalmar rashi, ko da ba ku taɓa tsayawa kun duba ba. Uwa mai hankali takan ce wa ɗanta, "Yau ka yi wa babanka rashin kunya." Ta ambaci sunan abin da ya aikata, ta ajiye shi a gabansa ya gani, har ya iya jin kunyarsa. Wata kuwa cikin fushi sai ta ce, "Kai marar kunya ne." Yaro na farko yana da abin da zai tuba a kai. Na biyu an gaya masa ko shi wane ne, kuma yara suna da saurin yarda da abin da iyaye suka ce su ne. Rashi da maras tushensu ɗaya, duk daga rasa suka fito. Idan aka yi mutuwa ma, cewa muke an yi rashi, mu je mu yi wa mutane gaisuwar rashin da aka yi. Harshen ya san rashi baƙo ne da yake sauka a kowane gida.

Ban koyi wannan daga littafin nahawu ba, ko da yake na karanta su. Na karanta littafin Farfesa Galadanci na 1976, na sha buɗa ƙamusun Bargery na 1934 da ƙamusun da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006, kuma ina roƙonku ku riƙa buɗa su. Amma a aji na koye shi, ta hanyar da har yau take yi mini ciwo.

Shekarata ta biyu ke nan da fara koyarwa, a wata makarantar gari da ba sai na faɗi sunanta ba. Na yi wa 'yan aji gwajin tsakiyar zango. Da na zo duba takardu, sai na tarar da ɗaya babu komai a kanta sai suna da kwanan wata. Na zana mata sifiri, kuma daidai na yi, don abin da takardar ta ci ke nan. Da na tsaya nan da ban zalunci kowa ba. Washegari da nake raba takardu, sai na ɗaga tasa sama na ce, "Ga ta Fanko." Aji ya kwashe da dariya. Ni kuma, da ƙuruciyar malanta, na ji daɗin dariyar. Fanko dai kun san shi, kwalin ashana ne da 'ya'yansa suka ƙare, ko gwangwanin da aka cinye abin cikinsa, wanda ake ba yara su yi mota da shi. Abin da yake gaskiya shi ne takardarsa ba ta da komai. Abin da na faɗa kuwa shi ne kansa ba shi da komai. Daga baya na ji cewa makonni uku yana kwana a asibiti wajen jinyar mahaifinsa, da safe ya zo makaranta ido jawur. Kafin in ji wannan, sunan ya riga ya kama shi. Yaran da ba su ma kasance a ajin ba sun ɗauka.

Zan dawo kansa. Bari in tsaya kan sifirin da na zana masa, don shi ma yana da labarin da ya shafi maganarmu.

Kalmar sifiri daga Larabci muka samo ta, kuma asalin ma'anarta a can shi ne abin da babu komai a cikinsa. Wasu malaman lugga ma sun danganta sunan watan Safar da wannan tushe, suka ce lokaci ne da gidajen Larabawa kan zama ba kowa saboda an fita. Larabawa kuwa fassara suka yi daga mutanen Indiya, waɗanda a harshensu na ilimi, Sanskirit, suke cewa shunya. Sifa ce tun asali, ana sifanta gida ko tukunya da ita. Masu lissafinsu suka ɗauke ta suka mai da ita sunan gurbin da babu adadi a cikinsa. A shekarar 628 wani masaninsu, Brahmagupta, ya rubuta ƙa'idojin tarawa da ɗebewa da wannan gurbi kamar sauran lambobi. Wajen shekarar 825 Alhawarizmi ya yi bayanin lissafin Indiya a Bagadaza, a 1202 kuma wani ɗan Italiya, Fibonacci, ya kai shi ga Turawa a littafinsa, daga nan kalmarsu ta wannan lamba ta samo asali. Ku dubi 15 da 105 da 150. Abin da ya raba su wuri ne da aka bari ba komai, aka kuma ba shi suna da alama don kada a manta yana nan. Tun da aka ba rashi suna, sai ya zama abin da ake iya lissafi da shi, a san inda yake, a san abin da za a zuba a cike shi. Su mutanen Indiyan suna da wata kalmar dabam, shunyata, wadda ita ce sunan halin kansa, masu falsafar addinin Buda suka yi ta rubutu a kanta. Ɗafa-ƙeyarta har ta yi kama da tamu ta mugunta da ƙazanta da gajarta, ko da yake kamar ta sauti ce kawai, harsunan ba dangi ba ne. Ba addininsu nake koya muku ba. Ina nuna muku ne cewa mutanen da suka ba duniya sifiri ba su yarda su cakuɗa sifa da suna ba.

Mu ma muna da irin wannan tsanaki, a wurin da ba ku zata ba, wato sunayen wuraren da aka bari. Gidan da rufinsa ya zube ko ginin da aka tsaya ba a ƙarasa ba, kango muke ce masa. Garin da mutanensa suka tashi, kufai. Filin da ba a gina ba, fili ne ko sarari. Ramin cikin bishiya, kogo. Inda haƙori ya fita, giɓi. Inda kaza take kwanci, ko inda wani abu ya tashi ya bar wurinsa, gurbi. Duk waɗannan sunaye ne, kuma kowanne yana ɗauke da tarihin abin da ya kasance ko abin da ake jira. Kango yana gaya maka an taɓa zama ko za a zauna. Kufai yana gaya maka an taɓa daka a nan, an taɓa kiran salla. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ya faɗi a 1808, mutane suka watse. Surame, birnin da Kanta, sarkin Kabi, ya gina a ƙarni na 16, ganuwarsa ta duwatsu tana nan a jihar Sakkwato ba mai zama a ciki. Ban taɓa jin dattijo ya kira ɗayansu banzan gari ba. Kufai yake cewa, yana kuma sassauta murya in ya faɗa.

Tun da na ambaci Kanta, ba zan wuce ba sai na faɗi abin da yake raina game da Banza Bakwai. An koya mana a firamare, ku ma na san an koya muku: Hausa Bakwai a gefe guda, Banza Bakwai a ɗaya gefen, ana lissafa Kabi da Zamfara da Yawuri da Nufe da Gwari da Kwararrafa da Yarabawa, ko da yake jerin yakan bambanta daga littafi zuwa littafi. Kabin da aka sa a wannan sahu ita ce ta fita daga hannun Askiya Muhammadu na Songhai a farkon ƙarni na 16 ta tsaya da ƙafarta. Sunan ya riga ya shiga tarihi, dole ku san shi don jarrabawa da karatu. Amma ku riƙe shi a matsayin laƙabin da wasu suka ba wasu a wani zamani, kada ku ɗauke shi sifar mutanen da kuke zaune da su a aji ɗaya. Na ga yara sun yi dambe a kan wannan.

Akwai kalma ɗaya da nake ganin ta cancanci zafinta, ita ce holoƙo. Holoƙo hadarin kaka: gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso, ƙura ta turnuƙe, mata su kwashe shanya, sa'an nan ko ɗigo. Ita da fankam fayau ba rashi suke zargi ba, alkawarin ƙarya suke zargi. Tulun da ba ruwa bai yaudari kowa ba. Hadarin da ya sa manomi ya bar gona ya gudo gida, shi ne ya yi laifi. Don haka in za ku yi tsanani da harshe, ku ajiye shi don mai fankama da abin da ba shi da shi, wanda ya karɓi kuɗin aiki ya yi ta cika baki bai aza ko tubali ba. Talakan da aljihunsa ya yi wayam bai yi wa kowa alkawari ba.

Wayam ɗin nan ma ku duba ta. Amsa-kama ce, ba suna ba ce ba kuma sifa ba. Kasuwa ta yi wayam, fili ya yi fayau, gari ya yi tsit. Hoton lokaci guda take ɗauka, shi ya sa take tafiya da "ya yi" ko "ta yi". Ba za ka iya cewa wayam ɗin mutum ka zage shi ba.

Ga masu sha'awar fassara a cikinku, kuma na san kuna da yawa yanzu da aikin rediyo da na intanet ya buɗe, a nan ne aka fi tuntuɓe. Turanci yana da sifa guda da yake liƙa wa kwalba da kujera da ciki da alkawari da zuciya. Wanda ya koyi cewa fassararta wofi ce ko banza, sai ya bi ta ko'ina da su. Na taɓa ganin takardar bayanin magani da aka rubuta a sha shi "a kan wofin ciki". Tsohuwar da za a karanta wa wannan me za ta fahimta? Bahaushe cewa yake a sha kafin a ci abinci, ko a sha tun ba a karya ba. Kujerar da ba kowa a kanta ba kujerar banza ba ce, kujerar banza ita ce wadda ƙafarta ta karye. Idan ɗan majalisa ya rasu, ba a ce kujerarsa ta zama wofi, cewa ake an sami gurbi, a yi zaɓen cike gurbi. Kuɗin da gwamnati za ta kashe in ya fi wanda za ta samu, giɓi ne a kasafi. Matar da 'ya'yanta suka yi aure suka watse ba za ta ce tana jin wofintaka ba, ban taɓa jin wannan kalma a bakin tsohuwa ba. Za ta ce gidan ya yi mata faɗi, ko kewa ta dame ta. Kafin ku rubuta, ku tambayi kanku mene ne babu, a ina kuma babu shi, sa'an nan ku nemi sunan da Hausa ta riga ta ba wannan wurin. Sau da yawa yana nan yana jiranku. Kuma ku tuna an ce gurbin ido ba ido ba ne: kalmar da ta zauna a wurin wata ba lalle ta yi aikinta ba.

Akwai sifa guda daga wannan gida da nake so ku san ta sosai, wato wofintacce, wofintacciya, wofintattu. 'Yar'uwarta ita ce yasasshe. Irin waɗannan sifofi daga aikatau ake gina su, kamar dafaffe daga dafa da wankakke daga wanke, kuma kowace tana nuna akwai hannun da ya yi aikin. Dafaffen abinci wani ya dafa shi. Wofintaccen yaro wani ne ya wofintar da shi. Idan kun ga yaro yana gararamba a tasha ba karatu ba sana'a, kuka ce banzan yaro, kun ɗora masa laifin duka kun wuce. Idan kuka ce wofintacce, kalmar da kanta za ta tilasta muku tambayar wa ya wofintar da shi: uba ne, ko dangi, ko hukuma, ko malaminsa. Wannan sifar ba ta barin mai faɗinta ya wanke hannunsa cikin sauƙi.

Wannan ya dawo da ni kan ɗalibina. Mahaifinsa ya rasu a ƙarshen wannan zangon, shi kuma bai dawo makaranta ba bayan hutu. Ba zan ce kalmata ce kaɗai ta kore shi ba, akwai rashin mai biyan kuɗi, akwai ƙanne da za a ciyar. Amma na san ban ba shi dalilin da zai sa ya yi marmarin dawowa ba. Bayan shekara goma sha tara motata ta lalace a hanya, aka kai ni garejin wani bakanike da aka ce duk yankin ba wanda ya kai shi sanin inji. Yana da yara takwas da suke koyon aiki a hannunsa. Ya saurari ƙarar motar kaɗan ya faɗi abin da ya lalace tun bai buɗe ta ba. Shi ya gane ni, ya durƙusa ya ce, "Malam, barka da zuwa, ba ka shaida ni ba?" Ya gyara motar ya ƙi karɓar ko kwabo. Na ja shi gefe na roƙe shi gafara, ya ce, "Haba Malam, ai ya wuce, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Muna cikin haka wani ya leƙo daga bakin titi ya ƙwala kira, "Oga Fanko!" Ya juya ya amsa.

Na san a ajinku ko a unguwarku akwai wanda kuke kira da irin wannan suna, wataƙila ba ku ma san wanda ya fara raɗa masa ba. Ina roƙonku, gobe in kun haɗu, ku kira shi da sunan da mahaifinsa ya yanka rago ya sa masa.